Hancin Tawada

Ta yaya tazarar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba, tsakanin hancin wani doki da hancin wani, za ta shiga tsakanin mace da mijin da ta zaɓa wa kanta? Na juya tambayar nan ta kowane gefe. Na nema wa mutanen da abin ya shafa uzuri iya ƙoƙarina, amma duk amsar da na samu ƙara mini raina su take yi.

Abin ya faru ne a filin sukuwa na Yamai, ranar Asabar ɗin babban kofi.

Zakari yana bisa rufin motar gidan rediyonsu kamar kullum, daidai saitin sandar ƙarshe, makirfo a hannu. Ya daɗe yana gabatar da shirin Kofato a wata ƙaramar tasha da ke unguwar Kalley, kuma babu mai doki ko mahayi a garin da bai san muryarsa ba. A filin nan ba a da na'urar ɗaukar hoton ƙarshen tsere. Tsofaffi uku ne ke tsayawa gindin sanda su yanke da ido. In gardama ta tashi kuwa, tambaya ɗaya ake yi a fadojin shayi: "Me Zakari ya ce?"

Ran nan dawaki biyu suka ɓalle suka bar sauran. Ɗaya Gwamna ne, hurden dokin Alhaji Garba, babban ɗan kasuwar shinkafa, mutumin Maraɗi. Ɗayan kuma Tawada, baƙin dokin wani mahauci mai suna Alu, wanda duk duniya ba shi da wani doki sai shi. Suka iso sanda kafaɗa da kafaɗa. A takun ƙarshe baƙin ya miƙa wuya.

"Tawada!" Zakari ya ƙwala. "Tawada ya ci da hanci!"

Tsofaffin uku suka ce haka ne. Aka miƙa wa Alu kofi, ya rungume shi yana kuka, babban mutum da gemunsa.

Sai da Zakari ya sauko daga motar sannan abin ya zauna masa: Gwamna dokin mahaifin Ramlatu ne, wadda manyansa suka riga suka kai gaisuwar neman aurenta. Ba mantawa ya yi ba. Bakinsa ne ba ya jiran shawararsa in dawaki na gudu.

Faruk kuwa yana ƙasa da wayarsa.

Faruk haifaffen Yamai ne, ɗan Koira Kano, unguwar masu kuɗi, mai shafin Sukuwa Direkt a Fesbuk da Tiktok. Bai taɓa ɗora ƙafa a sirdi ba. Kowane doki a wurinsa shampiyo ne, in dai mai shi na da falo mai sanyi. Aikinsa shi ne ya ɗauki bidiyon tsere, ya ɗebo muryar Zakari daga rediyo ya ɗora a kai, ba sallama ba godiya. Haka zaman yake tsakanin gidajen biyu. 'Yan rediyo na raina shafin, amma kowace safiya can suke leƙawa su ga abin da gari ke ciki. Shafin na yi wa rediyo dariyar tsufa, amma ba ya iya sakin bidiyo babu muryar Zakari, don ba mai yarda da hoton da ba ta cikinsa.

Ran tseren Faruk bai tsaya saitin sanda ba. Ya tsaya can kafin a iso ta, ta gefen da hurden yake, ya ɗauka a karkace. Duk wanda ya taɓa kallon tsere ya san dokin da ya fi kusa da kai shi ke kama da na gaba. A bidiyonsa Gwamna ne ya riga. Ya ɗora muryar Zakari kamar yadda ya saba, sai dai ya datse jimlar ƙarshe, ya rubuta da manyan baƙaƙe: AN SACE WA GWAMNA KOFI.

Kafin magariba bidiyon ya zaga gari. Mutanen da ba su taɓa jin warin barga ba suka zauna suna zagin tsofaffin nan uku. Amma a tsakanin zagin, tambaya ɗaya ta ƙi mutuwa: ina ƙarshen maganar Zakari?

* * *

Alhaji Garba ya aika a kira shi. Bai karɓe shi a falo ba. A bargar bayan gidansa da ke unguwar Yantala ya karɓe shi, inda yake ganawa da masu kawo harawa. Zakari ya lura da wannan.

Gwamna na ɗaure a turke yana cin dawarsa, shi kaɗai ne a gidan da kofi bai dama ba. Faruk na tsaye kusa da shi, amma ba kusa sosai ba, yana ɗaukar kansa hoto.

Zakari ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Barka da hutawa, Baba."

"Baban wa?" Alhaji ya ce, bai ko dube shi ba. "Ni na haifi wanda zai hau rufin mota ya tozarta ni Yamai na saurare?"

"Allah ya huci zuciyarka. Abin da na gani na faɗa. Da Gwamna ne ya riga, wallahi da na fi kowa murna."

"To ka sake gani."



"Na kai kuka gun kwamitin fili," Alhaji ya ci gaba. "Sun ce hoton waya ba hujja ba ne. Amma sun ce in kai ka janye maganarka, za su sake zama. Ka ga girman da aka ba ka? Ni da nake ciyar da dawaki tun kana yawo ba wando, ba a ji tawa ba, taka ake jira."

"Baba..."

"Kuma ba a rediyonku nake so ba. Wa ke jin rediyonku in ba masu gadi da tsofaffin teloli ba? A wayar yaron nan nake so, inda mutane suke."

Faruk ya matso yana murmushi, Hausarsa ta kasuwa na tuntuɓe da Faransanci da Zabarmanci. "Fofo, babban yaya. Ba wani abu ba ne fa. Mu yi direkt, kai tsaye a waya, ka ce rana ta shiga idonka, wala, shi ke nan, an gama. Kai ma ka samu mabiya. Ni ban da rowa."

"A ina ka tsaya da ka ɗauki bidiyon?" Zakari ya tambaye shi.

"Inda hoto ya fi kyau."

"Me ya sa ka datse maganata?"

"Ta yi tsawo." Faruk ya ɗaga kafaɗa, ko a jikinsa. "Mutane ba su da lokaci."

Alhaji ya gyara zama, sai yanzu ya dubi Zakari, kallon da yake wa buhun da ake zargin an rage shi.

"Manyanka sun zo gaisuwa, na karɓe su da mutunci. Sa rana ta rage. To ranar nan tana bakinka. Iyayen wannan yaron ma sun yi mini maganar Ramlatu, na ce musu an riga su. Ina iya aika musu in ce kuskuren gani na yi. Ka ga ni ban ɗauki gyara kuskure abin kunya ba."

Faruk ya sunkuyar da kai, wai shi mai kunyar suruki. Amma wayar na hannunsa, babban yatsansa bai daina motsi ba.

Zakari ya dubi dokin, ya dubi ƙasa.

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan zauna gaban wayarsa ba. Ko yau, ko gobe."

"Madalla," in ji Alhaji. "Ka ja mini ƙofar in ka fita, kaji na shigowa."

* * *

Direktan tashar rediyon, shugabansu Zakari, bai fi su ba. Tallar shinkafar Alhaji ce ke riƙe da shirin Kofato, amma ba ita ya ambata ba. Ya kira Zakari buro, wato ofishinsa, ya juyo masa da fuskar wayarsa, idonsa na ƙyalli.

"Faruk ya ce zai sa sunan tasharmu a ƙasan bidiyon. Ka san yawan mutanen da za su gani? Mu muna nan muna magana da bango, shi yana magana da duniya."

"Da muryarmu yake magana."

"To mu bi muryarmu mana!"

Wannan shi ne mutumin da a kowane taron 'yan jarida yake tashi ya ce 'yan waya sun kashe sana'a. Zakari ya tashi ya fita.

Ramlatu ce ta rage, kuma ita yake tsoro.

Ta aiko masa ya zo bayan la'asar, lokacin da Alhaji ke kanti. Ya same ta a gindin dogon yaro na ƙofar gida, ko farar rigar aikinta ta farmasi ba ta cire ba. Ramlatu ba yarinya ba ce. Ta yi karatu, tana aikinta, ta kori maneman da suka fi Zakari mota da gida ba tare da ta ɗaga murya ba. Yau ba ta kawo masa ruwa ba.

"Doki ne fa, Zakari," ta ce, tun kafin ya zauna. "Dabba. Yana cin dawa yana kashi a tsaye. A kansa za ka bar ni?"

"Ba a kan doki ba ne."

"To a kan wa? Alu mahauci? Shi za ka aura?"

"Ramlatu, ki saurare ni."

"Ina saurare. Duk garin nan aikinmu ke nan, sauraronka."

Ya zauna a bakin benci, ya haɗa hannuwansa. "In na ce ban gani daidai ba, an ƙwace kofin mutumin da ya ci da gaskiya. Tsofaffin nan uku sun zama maƙaryata. Kin ga abin da ake rubuta musu? Sa'annin jikokinsu na kiransu ɓarayi. Ɗayansu ya daina fita sallah masallacin unguwa."

"Na gani. Na tausaya masa." "Ni fa? Ka ga abin da ake yi mini a cikin gidan nan? Inna ba ta yi mini magana sai ta juya wa tukunya tana faɗa mata. Baba in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ƙannena sun sa mini suna matar rediyo. Ni ba wanda ya rubuta komai a kaina, shi ya sa ba ka gani ba."

"Baba ba zai ba Faruk ke dole ba."

"Ba zai yi ba. Ya san na wuce nan. Amma shi ne waliyyina, Zakari, ba wanda zai ɗaura mini aure da kai in bai buɗe baki ba. Zama kawai zai yi. Kuma ya iya zama. Zan tsufa ina miƙa wa mutane maganin zazzaɓi, kai kana bisa rufin mota da gaskiyarka."

Hawayen suka zubo. Ba ta share ba, ta bar su suna ɗiga a kan farar rigar.

"Ke kika ce mini," ya faɗa a hankali, "abin da ya sa kika zaɓe ni..."

"Na ce ba ka ƙarya. Na faɗa, ban musa ba. Ban dai san ni za a yanka a yi wa gaskiyar taka sadaka ba."

"Kar ki ce haka."

"Me zan ce? Ka faɗa mini, kai ne mai baki. Jimla ɗaya ake nema gunka. Mutane na faɗin ƙarya ɗari kafin su karya kumallo, ba abin da ya same su. Faruk da ƙarya yake cin abinci, ga shi ya yi kumatu. Kai ɗaya tal aka roƙe ka, saboda ni, ka tsaya kana lissafin tsofaffi."

"In na faɗe ta, ba sauran mai tambayar me Zakari ya ce. Shi ke nan abin da nake da shi. Ban da kanti, ban da gida a Koira Kano. Ban yi karatun lakkwal mai zurfi ba. Abin nan kaɗai na zo miki da shi."

"To ka riƙe abinka. Ka kwana da shi, ya dafa maka."

Wani mai kabu-kabu ya wuce a guje, ya yi musu ham.

"Bari in tambaye ki," Zakari ya ce. "Tsakaninki da Allah. In na je na zauna gaban wayar nan na faɗi abin da ban gani ba, za ki iya kallona bayan nan?"

Ta dubi hanya.

"Zan koya," ta ce.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Ka san abin da ya fi ba ni haushi?" Ta juyo, idanunta jajur. "Kana jin daɗin abin nan. Kar ka girgiza mini kai, na san ka. Kana son a zauna a fada a ce Zakari bai lanƙwasa ba, ko Alhaji Garba bai iya da shi ba. Faruk na son a kalle shi, kai kana son a yarda da kai. Yunwa ɗaya ce. Shi dai bai ɓoye tasa ba."

"Kin haɗa ni da shi?"

"Shi aƙalla ya san abin da yake so, yana kuma zuwa nema."

Zakari ya miƙe.

"Ba zan iya ba, Ramlatu. Ki nemi wani abin, ko mene ne."

"Ba ni da wani abin nema."

Ƙofar gidan ta buɗe. Hajiya Kadi, mahaifiyarta, ta leƙo da carbi a hannu, ta dubi 'yarta, ta dubi Zakari daga hula har takalmi.

"Ramlatu, shigo. Kai kuma ɗan nan, in ba ka zo da sabon labari ba, rana ta yi sanyi, ka kama hanya."

* * *

Na so in ce abin da ya karya Zakari babban abu ne. Ba babba ba ne. Wani guntun bidiyo ne.

Ranar Juma'a wani abokin aikinsa ya miƙo masa waya. Faruk ne zaune a falon Alhaji, falon da aka hana Zakari, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana yi wa mabiyansa bayanin zaluncin da aka yi wa Gwamna. A bayansa mace ta shigo ta ajiye tiren lemo ta fita. Ba a ga fuskarta ba, hannunta kawai, da zoben azurfan da Zakari ya sani. Faruk ya juya ya bi ta da kallo, ya juyo ya kashe wa waya ido ɗaya.

Abin da ya yi ke nan. Sauran mabiya suka ƙarasa masa.

"Madam Direkt!"

"Allah ya sanya alheri, yaushe ne biki?"

"Wannan hannun ya fi kofin."

Zakari ya yi ta jan yatsa yana karantawa, kamar mai sosa ƙurji. Mutanen da ba su san sunanta ba sun ɗaura mata aure, sun raɗa wa 'ya'yanta suna. A ƙasa Faruk ya amsa wa wani da cewa manyansa za su je Yantala ranar Lahadi, a taya shi da addu'a.

Wataƙila ƙarya yake yi. Ƙarya sana'arsa ce. Amma a falon yake zaune, wannan ba ƙarya ba ne.

Zakari ya mayar da wayar. Ya shiga ɗakin watsa shiri, ya karanta sakamakon atisayen mako da murya lafiya lau, ya yi sallama da masu gadi da teloli. Ya fito ya tsaya a bakin gudro, babban titin kwalta, cikin zafin rana, bai san inda zai nufa ba. Ko kuwa ya sani, yana dai jiran ƙafafunsa su ɗauki laifin.

Hanyar Yantala ta bi da shi ta gaban rumfar Alu. Ya so ya tsallaka ɗaya gefen, amma an riga an gan shi.

"Mai gaskiya!" Alu ya ƙwala, wuƙa a hannu. "Jama'a ga shi nan! Wallahi ba ka wucewa!"

Kofin na rataye saman rumfar, tsakanin cinyar saniya da ma'auni, an goge shi yana walƙiya, ƙudaje na sauka a kai. Alu ya zaɓo gasasshen nama mai kyau, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda, ya cusa masa a hannu.

"An ce ana matsa maka. Na ce musu ku bar wahalar da kanku, Zakari ne fa. Ni kwana nake yi da minshari."

"Alu, bar naman nan."

"Ka raina ne?"

"A'a."

"To riƙe. Ka gai da amarya."

Ya riƙe. Ya ce na gode. Ya ci gaba da tafiya da ƙunshin a hannu, maiƙo na ratsa takardar yana ɗumama masa tafi. Nan ne na kasa yi masa uzuri, kuma nan ne na kasa cewa da ni ne da na juya.

* * *

Wannan karon a falo aka karɓe shi.

Alhaji bai nuna mamaki ba. Mutum ne da ya saba ganin masu cewa ba za su sayar ba sun dawo da yamma. Ya nuna masa kujera da haɓa, ya ce a kira Faruk.

Faruk ya iso da fitila mai zobe da sandar ɗora waya, yana ƙamshin turare. "Babban yaya! Kuraj, yi ƙarfin hali, ba ciwo. Ka ɗan matso nan, haske ya fi. Wannan me ne ne, nama? Kawar da shi, yana ɓata hoto."

Zakari ya ajiye ƙunshin a ƙasa, gefen ƙafarsa.

"Zan ce ban tabbata ba," ya faɗa wa Alhaji. "Zan ce tazarar ta yi ƙanƙanta, ido na iya kuskure. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Ban tabbata ba," Alhaji ya maimaita, yana tauna kalmar. "Ran Asabar da ka hau mota ka tabbata ai. Haka ka faɗa, a sanyaye, kamar mai ba da haƙuri gidan mutuwa? A'a. Yaron nan zai kunna bidiyon ba sauti. Kai kuma ka kira tseren daga farko, yadda ka saba. Da muryar rediyo nake so. Wadda aka yarda da ita."

"Tonton Alhaji, wannan shi ne!" Faruk ya tafa. "Wallahi ko ni ban yi wannan tunanin ba."

"In na yi," Zakari ya ce, bai ɗago ba, "a sa rana?"

"In ka yi, manyanka su zo. Ni ba na magana biyu."

Faruk ya ji wannan sarai, ya san an fitar da shi daga neman auren. Fuskarsa ta ɗan motsa, sannan ya dubi wayarsa ya ga yawan waɗanda suka riga suka taru jiran direkt ɗin, sai murmushin ya dawo. Tsakanin Ramlatu da wannan, bai ko yi dogon tunani ba.

Ya jingina wata wayar a gaban Zakari, bidiyon tseren a tsaye, dawaki a layin tashi. Ya kunna fitilar. Hasken ya daki idon Zakari.

"Jama'ar Sukuwa Direkt, fofo, salamu alaikum! Yau ga wanda kuka daɗe kuna tambaya. Kun ce me Zakari ya ce? To ga Zakari, ku ji da kunnenku!"

Jajayen zukata suka fara tashi a gefen wayar kamar kumfa.

Labulen ƙofar ciki ya motsa. Ramlatu ce tsaye, rabin fuskarta a waje. Ta dubi fitilar, ta dubi mahaifinta da ya kishingiɗa yana jan carbi, ta dubi Zakari a kan kujera, hannuwansa bisa gwiwa kamar ɗan makarantar da aka kira gaban allo. Sai ta girgiza kai, kaɗan, sau ɗaya.

Bai gane ba. Kar ka yi take nufi? Ko kar ka fasa? Ko kuwa ta fara koyon kallon nan ne ta ga ya fi ƙarfinta? Ya nemi idonta ya tambaya, ta kawar.

Faruk ya danna bidiyon. Dawaki suka tashi.

Zakari ya buɗe baki, muryar ta fito da kanta, cikakkiya, ba ta san an sayar da ita ba. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya a kwanar farko. Ya kira su a miƙen baya. Ya ga hurden da baƙin sun ɓalle, muryarsa ta hau tare da su, har Alhaji ya tashi zaune ya manta da carbin. Ga sanda na zuwa. Ga wuyan baƙin ya fara miƙewa, ko a wannan karkataccen hoton idonsa ya gan shi.

Ya rufe idon.

"Gwamna!" ya ƙwala, har gilashin taga ya amsa. "Gwamna ya ci!"